Baƙon da Babu Sallama: Saƙonnin Gayyar Soɗi a Wayar Salula da Darasin Rijiyar Kusugu

Tsakure

Maƙalar ta dubi saƙonnin talla da na damfara da ke faɗowa wayoyin jama'a ba da gayyatarsu ba, da matakan da Nijeriya ta ɗauka a kansu, musamman lambar 2442 da aka buɗe a 2016. Ta yi ma'auni da labarin rijiyar Kusugu da ladabin sallama na gidan Bahaushe. Matsayarta ita ce nauyin neman izini yana wuyan mai aikowa, kuma mai tsaron ƙofa ya tsaya kan tambayar suna da izini da yawa, kada ya zarce zuwa auna ma'anar magana.

Rijiya da mai tsaronta

Labarin rijiyar Kusugu ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Rijiya ɗaya mutanen Daura suka dogara da ita, a cikinta kuma akwai maciji mai suna Sarki wanda ba ya barin kowa ya zura guga sai ranar Juma'a. Wani baƙo, Bayajida, ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu, ta faɗa masa dalili. Ya karɓi guga ya nufi Kusugu, ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Tun daga abin da Palmer ya wallafa a 1928 har zuwa littafin M. G. Smith kan al'amuran Daura na 1978, masana na ta kai-komo kan abin da labarin Bayajida yake nufi, ko komawar sarauta daga hannun mata zuwa na maza, ko shigowar wasu mutane daga gabas, ko hujjar da aka gina daga baya don a ɗaure Hausa Bakwai da igiya guda. Wannan gardama ta masu tarihi ce, na bar musu kayansu. Ko ta wace fuska aka karanta shi, labari ne na abin da jama'a suka yi tarayya a kansa da wanda ya tsaya a bakinsa.

Macijin bai gurɓata ruwan ba, bai kuma shanye shi ba. Laifinsa shi ne ya zama mai tsaron ƙofar da ba wanda ya naɗa shi, ba ya faɗin dalili, ba a kuma ɗaukaka ƙara a gabansa. Mai jego da mai gini da mara lafiya duk hukuncinsu ɗaya, su jira Juma'a. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sai kuma abin da ya faru washegari, wanda masu ba da labari kan wuce shi da sauri don suna ɗokin kaiwa ga auren Bayajida da sarauniyar garin. Da sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe macijin, sai masu iƙirari suka yi yawa. Ba ta hana kowa magana ba, ba ta kuma zauna auna wanda labarinsa ya fi daɗi ba. Cewa ta yi a kawo kan. Wanda ya ce shi ne, ya nuna shaida. A cikin labari guda ke nan an nuna mana masu tsaro iri biyu: ɗaya ya rufe wa kowa ƙofa, ɗaya ta bar ta a buɗe ta tambayi mai shigowa ko shi wane ne.

Wayar salula ce rijiyar da ake taruwa a kanta yau, daga Daura zuwa Baure, daga Sandamu zuwa Zango da kasuwar Mai'adua. Ta cikinta ake jin farashin dabbobi, ake ganin shaidar shigar kuɗi, ake sanar da rasuwa da ɗaurin aure. Ruwan da ke cikinta kuwa shi ne yardar da mutum ya yi cewa in wayarsa ta yi ƙara akwai abin da ya shafe shi. Duk wanda ya aika saƙon banza ya ɗebi kaɗan daga wannan yarda, riba tasa, asara kuma ta rarrabu a kan kowa. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta nuna da misalan makiyaya da masunta da masu noman rani cewa dukiyar tarayya tana ɗorewa matuƙar masu amfani da ita suna da hannu a kafa ƙa'ida, mai sa ido yana amsa tambayarsu, hukunci kuma yana hawa daki-daki. Da wannan zan auna abin da muke da shi. Saƙon da ba a gayyata ba, na kamfani ne ko na ɗan damfara ko na ɗan takara, zan kira shi saƙon gayyar soɗi, tunda Hausa ta riga ta raɗa wa irin wannan baƙo suna.

In ji wa?

Gidan Bahaushe ya daɗe da warware wannan matsala da ginin ƙasa. Baƙo namiji yakan tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama. In ba a amsa ba ya sake, in ya yi sau uku shiru ya juya, kamar yadda hadisin Abu Musal Ash'ari ya koyar. Suratun Nur kuma ta riga ta hana shiga gidan wani sai da izini, ta umarci wanda aka ce ya koma da ya koma. In ya ga yaro sai ya aike shi ciki. Yaron ya tsaya tsakar gida ya ce wai ana sallama da maigida, amsar da ke fitowa daga ɗaki kuwa kusan kullum ɗaya ce: in ji wa? Yaron ya koma ya tambayo suna. Sai bayan nan maigida zai yanke ko ya fito, ko a shimfiɗa wa baƙo tabarma ya jira, ko a ce ya dawo bayan la'asar. A lura da abin da ba a tambaya ba. Ba a ce baƙo ya fara faɗin maganar da ya zo da ita a auna ta ba. Yana iya zuwa da roƙo ko biko ko bin bashi ko zancen banza, wannan tsakaninsa da maigida ne. A lura kuma da wanda wahala ke kansa. Baƙo ne ya tako, shi ya tsaya a rana, shi ya bayyana sunansa, shi zai ji kunya in aka sallame shi. Maigida bai je wajen mai unguwa ya rubuta cewa ba ya son a faɗo masa ɗaki ba kafin ya samu wannan kariya. Hani shi ne asali, izini ake nema.

Haka abin yake ga mai son yi wa jama'a da yawa magana lokaci guda. Mai shela ba ya ɗaukar ganga ko kuge ya zaga gari don ra'ayin kansa. Da yawun sarki ko hakimi ko mai unguwa yake tafe, kuma da sunan wanda ya aiko shi yake buɗe baki. Yarinya mai tallan ƙosai tana shiga gidaje, amma an san 'yar gidan wa ce, in ƙosan ya yi tsami an san inda za a mayar. Wanda ya fi kusa da saƙon gayyar soɗi a tsohuwar rayuwa shi ne maroƙi, kuma Smith ya yi nazarinsa a wata maƙala ta 1957: yakan ɗora wa mutum kirarin da bai nema ba, in aka hana shi yabo ya juye zambo. Duk da haka maroƙi maƙogwaro ɗaya gare shi da ƙafa biyu. Ba zai tsaya a ƙofa dubu a dare ɗaya ba, kuma gobe za a gan shi a kasuwa. Tsadar magana ce ta tsare mutanen da daga ambaliyarta, ba don sun fi mu kirki ba. Ba kuma ina cewa zaure adalci ne zalla ba. Ya tsare mata a ciki, ya sa talaka ya daɗe a tsugune a ƙofar mai hali. Ƙa'ida ɗaya nake ara daga gare shi, ta wanda ya kamata ya ɗauki nauyi.

Na'ura ce ta rushe tsadar. A watan Mayun 1978 wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya aika saƙo guda ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, kakar intanet. An yi masa ca, amma an riga an gane cewa aika wa dubu bai fi aika wa ɗaya wahala ba. A 1992 Cynthia Dwork da Moni Naor suka ba da shawarar a sa kwamfutar mai aikowa ta yi wani ɗan lissafi mai cin lokaci kafin kowace wasiƙa ta fita, wanda mai wasiƙa ɗaya ba zai ji a jikinsa ba, mai miliyan kuwa zai ji; wato a maido da tsayuwar rana a ƙofar zaure. A nan gida ba ta imel abin ya iso wa yawancin mutane ba. Bayan gwanjon lasisin wayar salula a Janairun 2001 da fara aiki a Agustan shekarar, saƙon kar-ta-kwana ne ya zama ƙofar da kowa ke da ita, har wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba. Mai sayen saƙo a sari, abin da yake biya kan guda bai kai kuɗin ruwan leda ba, kamfanin layi kuma yana da rabonsa a kowane guda, ko an karanta ko an goge.

Lambar 2442

Da koke ya yi yawa, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta umarci kamfanoni su buɗe lambar 2442 daga 1 ga Yulin 2016. Wanda ba ya son talla ko kaɗan sai ya rubuta STOP ya aika. Wanda ke son wani ya bar wani sai ya rubuta HELP a jero masa rukunoni, irin su banki, ilimi, lafiya, wasanni da addini, ya zaɓa. An yanka tarar naira miliyan 5 ga kamfanin da ya saɓa, da ƙarin naira 500,000 kowace rana in ya ci gaba, ga kuma lambar 622 ta kai ƙara kyauta. Tsarin ya cancanci yabo kan abu guda: bai ba hukuma ikon karanta saƙo ta yanke wanda ya dace da kunnen jama'a ba.

Amma ya kifar da ƙa'idar zaure. A ƙarƙashinsa kowa na iya faɗo maka ɗaki har sai ka tashi ka rubuta takardar hani. Wa zai iya rubuta ta? A ɗauki manomi a ƙauyukan Baure mai ƙaramar waya mai tocila, wanda ya yi allo ya iya ajami, amma boko bai zauna masa ba, balle Turanci. Wayar ta yi ƙara yana tsakiyar huɗa. Da yamma ya kai ta wajen mai caji, ko ya jira ɗansa ya dawo daga makaranta a karanta masa, sai a tarar tallan waƙar kira ce, ko cacar ƙwallo, ko an ce ya ci kyautar gasar da bai shiga ba. Akwatin saƙon ɗan ƙarami ne, in ya cika sabo ba ya shiga sai an goge. Bayan an yi haka sau ashirin, zai yi abin da kowane mai hankali zai yi, ya daina kaiwa a karanta. To a cikin irin wannan akwati ne gwamnatin tarayya ta riƙa jefa saƙon takin zamani mai rangwame a shirin da ministan gona Akinwumi Adesina ya fara a 2012, a cikinsa banki ke jefa shaidar kuɗi, a cikinsa ake sanar da rigakafi. Babbar asarar ita ce saƙon gaskiya da ya zo daga baya ya tarar an daina saurare. Kariyar da sai ka san da ita, ka iya karatu, ka rubuta kalmar Turanci daidai kafin ka same ta, ta fi isa ga malamin jami'a da ma'aikacin banki, waɗanda dama su suka fi iya gane damfara da kansu. Ga kuma wanda aka damƙa wa ƙofar: kamfanin da ke sayar da saƙon shi aka ce ya toshe shi. An ba kura ajiyar nama.

Duniya ta gwada hanyoyin biyu. Amurka, a dokarta ta 2003, ta bar mai talla ya aika wasiƙa har sai an ce masa ya daina. Tarayyar Turai tun 2002, Kanada kuma daga 2014, sun ce sai ya samu yarda tukuna. Mu hanyar Amurka muka bi, alhali manyan dokokinmu sun fi karkata ga ɗaya hanyar. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da zancen waya, kuma a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, a ƙarar da wani lauya ya shigar kan wani kamfanin layi, cewa barin a yi ta jefa wa mutum saƙon da bai nema ba keta wannan sashe ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023 ta ƙara ba mutum haƙƙin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla. Abin da ya rage shi ne a juya asalin. Kowane layi ya zo a rufe ga talla tun ranar da aka saye shi, mai so ya buɗe da kansa. Kowane saƙon sari ya fito da sunan da aka yi wa rajista, wanda za a iya bin sawunsa har ofis. A kuma ƙayyade yawan abin da mai aikowa ɗaya zai jefa wa layi ɗaya. Babu ɗaya cikin ukun da ke buƙatar wani ya karanta abin da aka rubuta.

Masu ja da wannan matsayi

Za a ce wannan tauye 'yancin faɗin albarkacin baki ne da sashe na 39 ya bayar, kuma zai danne ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da ƙarfin talla a rediyo. 'Yancin magana bai taɓa haɗawa da 'yancin shiga ɗakin wani ba. Mai wa'azi na da damar tsayawa a dandali, ba shi da damar ɗaga labulen kowa. Shi kuwa mai shagon atamfa, shi ya fi kowa asara a tsarin yanzu, domin saƙonsa ɗaya yana nutsewa cikin na manyan da ke aika miliyoyi. Wanda ya sayi kaya a wajensa ya ba shi lamba da hannunsa, wannan izini ne, kuma saƙon da ya biyo ta nan ana karanta shi. Abin da zai mutu shi ne cinikin jerin lambobin mutane, waɗanda ake tsinta daga takardun da suka cike don wata buƙata dabam a sayar wa 'yan talla da 'yan takara, kuma ban ga dalilin yi wa wannan sana'a zaman makoki ba.

Ja na biyu ya fi ƙarfi: ɓarawo ba ya sallama. Wanda ke aiko maka cewa an toshe lambarka ta BVN, ka turo lambobin da suka shigo wayarka a gyara, da layi irin na kowa yake aiki, ya yar ya ɗauki wani. Muna ce musu 'yan 419, lambar sashe ce a kundin laifuffuka na Kudu, ba ta Final Kod ɗinmu na Arewa ba, amma sunan ya bi su har nan. Kuma ba za a ce ba a tambayi suna ba. An fara rajistar layuka a 2011, an ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 a 2015 kan layuka sama da miliyan 5 marasa rajista kafin a sasanta kan biliyan 330, aka kuma wajabta haɗa layi da lambar ɗan ƙasa daga Disambar 2020. Damfara ba ta ƙare ba. Na yarda da duk wannan. Sai dai ɗan sane a cikin turmutsutsu yake aiki. Saƙon damfara na cin mutane ne domin ya yi kama da sauran ɗaruruwan da ke shigowa da sunaye barkatai da alkawarin garaɓasa. In mutum ya san layinsa a rufe yake ga talla, kuma bankinsa da suna ɗaya tak yake masa magana, to baƙon saƙo da kansa ya zama abin zargi. Rajista kuwa rabin aikin Daurama ce, an karɓi suna ba a nemi kan maciji ba. Layukan da aka yi wa rajista da sunan wasu suna yawo, kuma suna ba ya tsoratar da mai laifi sai in ya san za a biyo shi.

Ja na uku daga ɗaya gefen yake zuwa, kuma shi ya sa na fara da maciji. Duk ikon tacewa da aka ba hukuma don ta kare jama'a daga ɗan damfara, gobe tana iya juya shi kan ɗan jarida. Wannan ba tsoron banza ba ne. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan ambaliyar saƙo a sashe na 32, amma sashen da ya yi ƙaurin suna shi ne na 24, wanda ya haramta saƙo mai ɓata rai ko cin fuska da lafazi mai faɗin da kowa zai iya faɗawa ciki. Da shi aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar gwamnoni, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa haƙƙin ɗan Adam, aka yi masa gyara a 2024. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumbar 2021 kuma, bayan an fara da Zamfara, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Jibiya, Batsari, Safana, Ƙanƙara, Faskari da Funtuwa, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Ba wanda ya san halin da waɗannan yankuna ke ciki da zai raina dalilin. Amma siffar matakin siffar Kusugu ce kafin zuwan baƙo: mai naƙuda da ɗan kasuwa da mai son sanar da jami'an tsaro cewa an shigo garinsu, duk an ce su jira, sai a Disamba aka fara maido da layi. Ƙasar Daura ba ta cikin jerin, sai dai duk mai ɗan'uwa ko abokin ciniki a can ya ɗanɗana. A ganina wannan ja hujja ce ga matsayin da na ɗauka. Kowane misali a cikinsu ya faru ne inda mai tsaro ya bar tambayar in ji wa, ya koma ko dai auna magana ko garƙame ƙofa gaba ɗaya. Ƙa'idar izini da suna da yawa ba ta san jam'iyya ba, tana kama tallan gwamna mai ci kamar yadda take kama na abokin hamayyarsa, kuma wajabcin suna kan mai aika wa dubbai yake, ba kan mutum ɗaya da ke tsegunta wa ɗan jarida ba. Sharaɗin Ostrom ne ya rage a cika: a riƙa wallafa wa aka ci tara da nawa, wanda aka toshe bisa kuskure ya san inda zai kai kuka, a kuma saurare shi da harshen da yake ji.

Akwai masu ganin na'ura za ta hutar da mu duk wannan. Tun da Paul Graham ya yaɗa dabarar ƙirga kalmomi a 2002, manhajojin tace imel sun ƙware ƙwarai, amma da abin da aka ciyar da su suke aiki, kuma Turanci aka fi ciyar da su. Hausar waya ba ta da ƙugiya, kalma ɗaya ana rubuta ta iri uku, ga Turanci da Larabci a cakuɗe, yawancin zance ma da murya ake aika shi. Matacin da bai ji harshe ba zai iya barin damfara ta wuce ya riƙe sanarwar jana'iza, kuma shi ma ba a tambayarsa dalili.

Akwai wurin da ƙa'idar sallama ba ta kaiwa, gara in faɗe shi da bakina. A wani dare na Agustan 2014, lokacin fargabar Ebola, saƙo ya zaga ƙasar nan cewa a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu sun mutu, an kwantar da wasu a asibiti. Uwa ce ta kira 'yarta, wa ya tura wa ƙane, kowa da sunansa, kowa da izininsa, kowa da kyakkyawar niyya. Lambar 2442 ba za ta tare shi ba ko da tana nan, rajista ma haka. Suratul Hujurat ta umarci a bincika labari kafin a yi aiki da shi, wannan kuwa tarbiyya ce, aikin malamai da iyaye da gidajen rediyo. Ko a nan ɗin, abin da fasaha ta iya taimakawa da shi ma'aunin yawa ne. Bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe a Indiya, WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a can a 2018, a duniya baki ɗaya a Janairun 2019. A Afrilun 2020 ya mai da saƙon da ya riga ya sha yawo zuwa wuri ɗaya kacal, ya kuma ce yaɗuwar irinsa ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Adadin daga bakin kamfanin ya fito, a riƙe shi da wannan sanin. Manhajar dai ba ta karanta saƙon ba, ta sa mai turawa ne ya ɗan tsaya a rana. Aikin da ke kusa da hannun masu nazari a wannan yanki shi ne su zauna da masu cajin waya da masu sayar da kati a ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, su ƙirga saƙo nawa ke faɗa wa waya ɗaya a mako, da wane harshe, nawa ne mai wayar ya nema, da mutum nawa suka taɓa jin lambar 2442, sannan a kai wa hukumar alƙaluman.